Geron Gindin Gawo

Shekarun baya da ɗan dama, tun gashin kaina bai fara guduwa ya bar ni ba, ina aiki a sashen noma da kiwo na ƙaramar hukumar Babura. Abin da ya tuno mini da zamanin, wani labari ne da na ji a rediyo shekaranjiya. Wai wasu ƙasashe ne can nesa suka yi layi suna neman a shigar da su wata babbar ƙungiya, an gindaya musu sharuɗɗa, kuma masu sharhi suna cewa aikin ba na shugabannin ƙasa kaɗai ba ne, sai ƙananan hukumomi sun tashi tsaye. Na yi ta murmushi ni kaɗai har matata ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, na taɓa ganin irin wannan da idona, sai dai namu a bakin gonar gero aka yi shi.

Bari in fara da geron, don in ban fara da shi ba, ba za ku gane komai ba.

Mahaifiyata 'yar tsallaken iyaka ce, daga wani ƙauye na ƙasar Nijar da ba shi da nisa sosai da mu. Ita dai ba ta cewa Nijar, Faransa take cewa, irin na tsofaffi. Aure ne ya kai ta Kazaure, can ta haife mu, bayan rasuwar mahaifinmu kuma na ɗauko ta ta dawo wurina a Babura. Iyayenta sun daɗe da rasuwa. Mutum ɗaya ya rage mata a gidansu, yayanta, wato kawuna, wani dogon tsoho mai ƙarancin magana, wanda in ya ce maka "to" sau biyu a zama ɗaya, ranar an yi hira ke nan.

Tun ina yaro, duk kaka sai gero ya zo mana daga wurin Kawu. Ba a buhu ba, dami-dami, da zangarniyarsa, da wani irin ɗauri nasa mai ƙulli a gefe. Ko a shekarar da aka yi fari, mutane suna sayar da awaki don su ci, geron nan ya zo. Inna, haka muke kiran mahaifiyata, ba ta sayar da shi, ba ta haɗa shi da namu. Akwai wani lungu a zauren gidana da ta ware masa, tana share wurin tun ana saura makonni ya iso. Da shi take furarta, da shi take kunun azumi, ta ɗebar wa maƙwabta ta ce, "Ku ɗanɗana na garinmu."

Wata rana da kauɗina na ce mata, "Inna, wai don Allah me ya sa Kawu yake wahalar da kansa? Geron kasuwar Gwiwa fa ya fi wannan ƙwaya, ni sai in cika miki ɗaki da shi." Ta dube ni irin duban da ake yi wa wanda ya shigo masallaci da takalmi. Ta ce, "Kai yaro ne. In dai geron nan yana zuwa, ina da gida. Ranar da ya daina zuwa, na zama baƙuwa a garin ubana." Na ce to, a raina kuwa na ce maganar tsufa ce kawai.

To, a lokacin ƙananan hukumominmu na wannan yanki, mu da Kazaure da Roni da Gwiwa, muna da wata 'yar haɗaka ta kanmu a kan burtali, wato hanyar da shanu suke bi in sun gangaro daga arewa da rani, su kuma koma da damina. Ba wata babbar aba ba ce, amma tana da amfani. Tare ake yi wa dabbobi allurar rigakafi, tare ake tsara inda za su sha ruwa, in saniya ta ɓata a wani gari a same ta a wani, ana mayar wa mai ita ba tare da doguwar shari'a ba. In makiyayi da manomi suka samu saɓani kuma, akwai dattawan da za su zauna kafin a kai ga zare sanda.

Ganin haka sai ƙaramar hukumar da ke tsallaken iyaka, wadda ƙauyen su Inna yake cikinta, ta aiko tana neman a shigar da ita. Su can ba sa cewa ciyaman, magajin gari suke cewa. Ya zo taron da aka yi a Kazaure, wani siririn mutum mai fara'a, ya rataya wata ɗamara mai launin tutar ƙasarsu a kafaɗa, yana Hausa tatacciya yana ɗan jefa Faransanci in abin ya motsa. Ya ce dabbobinsu suna mutuwa da cutar da mu muka daɗe da mantawa da ita, da rani kuma makiyayansu suna shigowa wurinmu kamar ɓarayi alhali 'yan'uwa ne. Shugabanninmu suka ce madalla, amma da sharaɗi: sai sun buɗe burtalinsu tun daga can ciki har ya zo ya haɗe da namu a bakin iyaka, babu gona ko ɗaya a tsakiya, kuma a gama kafin ruwan shuka ya sauka. In ba haka ba, sai an sake wani zagayen, wanda Allah kaɗai ya san ranarsa, don shugabannin da suka amince wa'adinsu ya kusa ƙarewa.

Da aka zo batun wanda zai je ya duba ko sun cika sharaɗi, sai ciyaman ɗinmu ya nuno ni ya ce, "Ga ɗan gida nan, uwarsa 'yar can ce." Jama'a, ranar kaina bai shiga hula ba. Na koma gida ina tafiya kamar ni ne jakadan Najeriya gaba ɗaya.

Muka tafi a babur ni da wani abokina, malamin dabbobi ne mutumin Roni, mai tsokanar tsiya. Wallahi mutanen nan sun yi aiki. Muka bi hanyar tun daga inda ta faro, magajin gari yana gaba a nasa babur ɗin, ko'ina an ja da baya da kunyoyin gona, an dasa aguwa layi biyu don ta zama shinge. Talakawa ne fa da ba su da komai sai ƙasar nan, amma kowa ya yanki wani abu daga tasa ya bayar. Ina ta gyaɗa kai irin na manya, har muka zo dab da iyaka, ina hango turakun simintin burtalinmu a can gaba. Sai hanya ta tsaya cak.

Wata 'yar gona ce doguwa siririya ta gitta, da wani tsohon gawo a tsakiyarta. Gabas da ita kwazazzabo ne da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sauka, yamma da ita kuma maƙabartar gari. Babu ta inda za a kewaya. Na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuma ta wane mai taurin kan ce?" Magajin gari ya yi tari, ya gyara ɗamararsa, ya dubi mai garin ƙauyen su Inna da ya tare mu a wurin, mai gari ya dubi ƙasa. Can dai mai garin ya ce, "Ai ta kawunka ce."

Abokina ya juya baya kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Suka ba ni labari. Abin da ya ɗaure musu kai, Kawu ne mutum na farko da ya ba da ƙasa da aka fara aikin, daga babbar gonarsa ta arewacin gari, kuma ya ba da fiye da abin da aka nema. Amma da aka zo kan wannan 'yar ƙaramar, sai ya ce ba zai iya ba. An ce za a musanya masa da wadda ta fi ta kyau, ya ce ba zai iya ba. Liman ya je, mai gari ya je, magajin gari da kansa ya cire takalmi ya zauna a tabarmarsa, amsar dai ɗaya ce, kuma babu dalili. Yanzu har ta kai in ya zo ƙofar masallaci ya zauna, sai mutane su fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Yara ma an hana su zuwa gidansa ɗiban wuta.

Na ce su bar ni da shi. Ni fa a ganina abin da ya gagari liman da mai gari, bokona zai warware shi kafin la'asar.

Na same shi a zaurensa yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, aka kawo fura, sannan na buɗe baki. Kai, ranar na yi bayani! Na yi maganar ci gaba, na yi maganar haɗin kan ƙasashe, na kawo amfanin rigakafi, har da cewa tarihi ba zai manta da shi ba. Yana ta tufkarsa bai ɗago ba. Da na gaji na yi shiru, sai ya ce, "Ɗan nan, ka iya magana, Allah ya ƙara basira. Ba zan iya ba."

Na ce, "Kawu, to me ya sa?"

Ya ce, "Sha furarka, za ta tsinke."

Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya, abin da bai saba ba. Ya riƙe kan babur ɗina ya ce, "Ka gaida Auta." Haka yake kiran Inna. "Kuma kada ka ɗaga mata hankali da maganar nan. Ka ji ko?" Na ce na ji.

Ina isa gida ko hula ban cire ba na zazzage mata komai. Ni da riƙe magana dai sai addu'a. Tana zaune a tsakar gida tana bakace, na ce, "Inna, yau yayanki ya kunyata ni a gaban ƙasa biyu." Na faɗa mata yadda ya hana gari guda alheri, yadda mutane suke tashi su bar shi a ƙofar masallaci, duk a kan wata 'yar gonar da ba ta taka kara ta karya ba, tsakanin kwazazzabo da maƙabarta.

Sai na ga faifan ya tsaya a hannunta.

Ta ce, "Ta gindin gawo?"

Na ce, "Ita fa."

Ta ajiye faifan a hankali, ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta ce, "Ba tasa ba ce. Tawa ce."

A nan ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba duk tsawon rayuwata. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, gonar gindin gawo ce ta faɗo a rabonta. A garinsu kuwa, macen da aure ya kai nesa ba ta ɗaukar gonarta ta sayar, ba ta kuma ba wa bare. Takan ce wa ɗan'uwanta, "A bar ta a hannunka," daga ranar kuma babu mai sake ambaton maganar. Shi zai noma, in kaka ta yi ya kai mata abin da Allah ya ba da, ita kuma ta san tana da ƙafa a gidan ubanta. In ya buɗe baki ya ce "gonar wance ce" a gaban mutane, kamar ya ce mata ta zo ta kwashe nata ne, an raba gari. Waɗanda suka shaida rabon duk sun mutu, limamin yanzu ma ba a haife shi ba a lokacin.

Ta ce, "In ya bayar, ya ci amanata. In ya tambaye ni, ya san ba zan iya ce masa a'a ba, kuma ya san abin da geron nan yake a wurina. Shi ya sa ya zaɓi a zage shi." Ta ja gefen zanenta ta share ido.

Na zauna a ƙasa kusa da ita, duk jakadancin ya zube. Ashe ni da nake ta yi wa tsoho lacca a kan sadaukarwa, furar gonar nake sha tun ina cikin zanen goyo. Kunya ta kama ni, tausayinsu su biyun kuma ya cika mini ciki.

Kwanakin da suka biyo baya Inna ba ta sake ta da maganar ba. Sai dai ta rage cin abinci, kuma da yamma takan ja kujerarta ta zauna tana kallon gabas, inda hadari ya fara haɗuwa yana watsewa. Kowa ya san ruwa ya kusa. Abin ya dame ni har na ce mata, "Inna, ki bar shi kawai. Zan je in ce musu ba a cika sharaɗi ba, su jira wani zagayen. Ba wanda ya san gonarki ce, ni kuma ba zan faɗa ba."

Ta ce, "Kai ɗin? Kai da aka ce kada ka faɗa mini?" Duk da halin da ake ciki sai da muka yi dariya. Sannan ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Yaya ya tsufa. A ce yana zuwa ƙofar masallaci ana tashi a bar shi, saboda ni in sha fura? Nemo mota. Gobe za ka kai ni gida."

Rabonta da garin an daɗe, saboda ciwon gwiwa. Na ari motar abokina, wata tsohuwa da sai an tura take tunawa da aikinta. A bakin iyaka wani jami'i ya leƙo ya ce, "Hajiya, ina zuwa?" Ta ce, "Gida." Ya ce, "Daga ina?" Ta ce, "Daga gida." Ya yi dariya ya ɗaga mana sandar.

Ba ta yarda mun fara shiga cikin gari ba, ta ce a wuce da ita gonar. Aka aika wa Kawu. Da hantsi sai ga shi yana tahowa da sandarsa, yana hango ta ya rage sauri, sannan ya watso mini wani kallo da har yau in na tuna sai na gyara zama. Labari ya riga ya zaga, mai gari da magajin gari da wasu dattawa suka biyo baya, suka tsaya nesa kaɗan.

Aka shimfiɗa musu tabarma a gindin gawon. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi jakinsa, ta tambayi rijiyar bayan gida ko har yanzu tana ruwa. Shi ma ya tambayi gwiwarta. Ni ina tsugune gefe kamar zan fashe, ina cewa a raina yaushe za a zo kan maganar.

Can sai ta ɗaga kai ta dubi rassan gawon ta ce, "Yaya, na ji an ce shanu suna neman hanya."

Ya ce, "Haka aka ce."

Ta ce, "A iya saninka, Baba ya taɓa hana dabba wucewa?"

Ya ce, "Bai taɓa ba."

Ta ce, "To ba a kaina za a fara ba."

Kawu ya dafe sandarsa da hannu biyu. Ya ce, "Auta, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

Ta ce, "Na sani, Yaya. Ka riƙe mini, ka kuma riƙe da kyau. Allah ya saka maka da Aljanna."

Dattawan da ke tsaye suka fara salati ƙasa-ƙasa, don sai a lokacin suka gane. Mai gari ya cire rawaninsa ya sake naɗawa ba tare da dalili ba. Magajin gari ya matso ya durƙusa har ƙasa da ɗamararsa da komai, ya ce, "Inna, me za mu yi miki?" Ta ce abu ɗaya take roƙo, kada a sare gawon, don shi da rani yake ganye, makiyaya su samu inuwa, dabbobi su ci 'ya'yansa. Sai ta sa aka miƙo mata reshen aguwa, ta dafa kafaɗata ta tashi, ta kafa shi da hannunta a bakin gonar. Ta duƙa ta ɗebi ƙasa cikin tafinta ta ƙulle a gefen mayafi. Kawu ya juya yana kallon kwazazzabo, ya daɗe bai juyo ba.

A hanyar dawowa Inna tana riƙe da ƙullin mayafin nan har muka hango Babura. Ta ce, "Shi ke nan kuma." Na yi kamar hanya ce ta ɗauke mini hankali.

An gama shingen kafin ruwa ya sauka. Aka yi taro a Kazaure, aka karɓe su cikin haɗakar, aka yi jawabai, aka gode wa manyan jiha da manyan can tsallake, aka tafa. Ni ma an yaba mini, wai na nuna ƙwarewa wajen sasanci. Na karɓi yabon ina sunkuyar da kai, mutane suna zaton tawali'u ne.

A gida kuwa ina kallon Inna tana tattalin sauran geron bara kamar magani. Ta daina ɗebar wa maƙwabta. Damina ta wuce, aka fara girbi, ba ta share lungun zaure ba. Wata safiya ina fitar da babur sai ta ce, "Ka riƙa sa shi a lungun can mana, ka daina barinsa a rana. Ai wurin ba kowa." Ta faɗa kamar ba komai ba, ta wuce ciki. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai na yi wata dabara irin tawa. Na sa abokina ya sayo mini dammunan gero masu kyau daga Roni, na sa aka sauke a ƙofar gida ina cewa ga saƙo ya iso. Ta fito ta dube su, ta taɓa ɗaurin da yatsa ɗaya, ta ce, "Wannan ba ƙullin Yaya ba ne. Allah ya yi maka albarka, kai wa matarka." Ko ƙarya ma ban iya ta yadda za ta yi amfani ba.

Kaka ta yi nisa, har na fara sabawa da ajiye babur a lungun. Ran nan bayan la'asar ina alwala sai na ji ƙarar amalanke ta tsaya a ƙofar gida, na ji ana yi wa shanu tsawa. Na fito. Kawu ne da kansa a zaune bisa dammunan gero, amalanken ta cika har tana nishi, ƙafafunsa sun yi fari fat da ƙura. Ta sabon burtalin ya biyo tun safe. Bai ko amsa gaisuwata da kyau ba, ya leƙa zaure ya ce, "Wannan ƙarfen me yake yi a nan? Fitar da shi."

Inna ta fito tana dafa bango. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon amalanken, ta kai hannu ta shafa ƙullin dami ɗaya. Ta ce, "Yaya, na wace gonar ne?"

Ya sauko a hankali, ya karkaɗe rigarsa. Ya ce, "Auta, ke ma dai. 'Yar gonar nan da kwazazzabo ya cinye rabinta, ita ce za ta cika amalanke duk shekara? Har da shekarar fari?"

Ta juyo ta dube shi.

Ya ce, "Gonar taki ce, ba ni da ikon bayarwa. Geron kuwa nawa ne, ba ki da ikon hanawa."

Ban taɓa ganin mahaifiyata tana kuka da dariya a lokaci ɗaya ba sai ranar. Ta zauna a dokin ƙofa ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Kai, Yaya! Kai, Yaya!" Shi kuwa ya juyo kaina ya ce, "Kai kuma tsayuwar me kake yi, jakada? Zo ka sauke." Ashe har can labarin takun nan nawa na jakada ya kai. Na naɗe hannun riga na yi ta jida, ƙaiƙayi yana cina, hawaye yana zubo mini, ina cewa ƙaiƙayin ne.

Shekaru sun shuɗe yanzu. Shugabannin da suka sa hannu a haɗakar duk sun sauka, wasu sun rasu. Daga baya ma manyan ƙasashen suka yi fushi da juna, aka rufe iyaka, aka buɗe, amma shanu ba su ji sanarwar ba, suna nan suna bin hanyarsu, suna hutawa a gindin gawon. Shi ya sa in na ji ana cewa ƙasa kaza tana neman shiga ƙungiya kaza, ba manyan da ke musabaha a hoto nake tunawa ba. Nakan ce a raina, ko a wane ƙauye ne yanzu wani ƙaramin ma'aikaci irina yake tsugune gaban wani tsoho yana zuba bayani, bai san abin da ake roƙon mutumin ya rabu da shi ba. Manya suna iya amincewa a babban birni, amma hanyar ta gonar wani za ta bi, kuma sai wanda yake kusa, wanda zai iya cire takalmi ya zauna a tabarma, shi zai san ta wace ce.

Inna ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta da rahama. Ƙasar nan da ta ƙulle a mayafi mun same ta a ƙasan akwatinta. Ina kewarta ƙwarai, musamman in azumi ya zo. Kakar da ta biyo bayan rasuwarta ban sa ran komai ba, sai ga amalanke a ƙofar gida. Kawu ƙafa ta ƙi, babban ɗansa ne ya kawo, magidanci mai furfura kamar ni. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ai mai geron ta tafi. Wa kuma aka kawo wa?" Ya ce, "Ni ma na faɗa wa Baba haka. Ya ce in tambaye ka, ko ka daina zama ɗanta ne?"

Har yau, da zarar an fara girbi, a waje babur ɗina yake kwana.